BIRIN DARE NA KALABA DA TSUNTSUN IBADAN

Jawabi a kan asalin waɗansu halittu biyu na kurmin Nijeriya da halin da su ke ciki



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne waɗansu ƙananan halittu guda biyu da su ke zaune a kurmin kudancin ƙasarmu. Na farko ɗan ƙaramin dabba ne, dangin biri, wanda ba ya fita sai da dare, ana kiransa angwantibo. Na biyu tsuntsu ne baƙi mai jan kai, ana kiransa malimben Ibadan. Galibinmu ba mu taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba, watakila ma ba mu taɓa jin sunansu ba sai yau. Duk da haka, kowannensu yana ɗauke da sunan wani birni na Nijeriya a cikin littattafan masana na duniya baki ɗaya, ɗaya Kalaba, ɗaya Ibadan, kuma dukansu biyu suna raguwa. Saboda haka zan ɗauki tambayoyi uku in bi su ɗaya bayan ɗaya. Mene ne asalin kowannensu a wurin masana? Wane hali kowannensu ya ke ciki? Me kuma ya rage a gare mu mu yi?

YADDA MASANA SU KE RARRABA HALITTU

Kafin mu kwatanta su, sai mun fahimci ma'aunin da a ke kwatantawa da shi. Idan za ka aika wa mutum wasiƙa, ka kan rubuta ƙasarsa, da jiharsa, da ƙaramar hukumarsa, da gundumarsa, da garinsu, da unguwarsu, kana gidansu. Kowane mataki ya fi na bayansa faɗi, har a zo kan gida ɗaya tak. To, haka masana ilmin halitta su ke yi wa dabbobi da tsirrai. Suna da matakai bakwai, waɗanda za mu kira daula, da reshe, da aji, da rukuni, da dangi, da zuriya, da iri. Daula ita ce mafi faɗi, iri kuwa shi ne gida ɗaya ɗin nan na ƙarshe.

Wanda ya kafa harsashin wannan tsari wani masani ne na ƙasar Suwidin mai suna Karl Linniyus. Bugu na goma na littafinsa, wanda ya fito a 1758, shi ne a ke ɗauka mafarin sunayen dabbobi na ilmi. A bisa wannan tsari kowace halitta tana da suna mai kalma biyu da harshen Latin, kalmar farko sunan zuriya, ta biyu sunan iri, kamar dai yadda mutum ya ke da sunansa da na mahaifinsa. Amfanin wannan a fili ya ke. Tsuntsu ɗaya yana iya samun suna dabam a Hausa, da Yarabanci, da Fulatanci, da Ibo, amma idan aka ambaci sunansa na ilmi, masanin da ke Zariya da wanda ke Tokiyo sun san abu ɗaya su ke nufi.

ANGWANTIBO, BIRIN DARE

Sunan angwantibo ya fito ne daga harshen Efik, mutanen Kalaba. Sunansa na ilmi Arctocebus calabarensis, watau kalmar ƙarshe tana nufin na Kalaba. Wani likita ɗan ƙasar Sikotilan, John Alexander Smith, shi ya fara bayyana shi a rubuce ga masana a 1860, daga samfurin da aka aika daga Kalaba. Mazauninsa kurmin da ke tsakanin kogin Kwara a Nijeriya da kogin Sanaga a Kamaru.

Girmansa bai wuce a ɗora shi a tafin hannu ba, nauyinsa kuwa bai kai rabin kilo ba. Gashinsa ja-ja ne mai ɗan ruwan ƙasa, cikinsa fari-fari, wutsiyarsa ɗan guntu ne ƙwarai har ba a cika lura da ita ba. Yana da manyan idanu, kuma a bayan ƙwayar idon akwai wani ɗan shimfiɗi mai mayar da haske, irin wanda ke sa idon kyanwa ƙyalli cikin duhu. Wannan shi ke ba shi ikon gani da dare. Yatsansa manuni ɗan dungu ne kawai, saboda haka tafin hannunsa ya kan buɗe sosai ya damƙe reshe kamar awartaki. Haƙoransa na gaba na ƙasa a jere su ke kamar mataji, da su ya ke taje gashinsa, kuma a yatsa na biyu na ƙafarsa akwai ƙumba mai tsini ta susa.

Angwantibo ba ya tsalle. A hankali ya ke tafiya, ya saki hannu ɗaya bayan ya kama da sauran, yana bin siraran rassa da igiyoyin itatuwa masu yaɗo a ƙasa-ƙasan kurmi. Da rana ya kan ɓuya cikin duhuwar ganye ya yi barci. Abincinsa ƙwari ne, musamman tsutsotsi masu gashi irin waɗanda mu ke kira gizaka, waɗanda dabbobi da yawa su ke ƙyama. Ya kan murje su da hannu don ya rage gashin kafin ya ci, ya kuma haɗa da 'ya'yan itace kaɗan. Macen ta kan yi ciki na wajen wata huɗu da rabi, ta haifi ɗa guda ɗaya. Ku riƙe wannan magana ta ɗa guda, domin za mu komo kanta.

A wajen rarrabawa, angwantibo yana cikin ajin dabbobi masu shayarwa, a rukunin da ya haɗa birai duka, wanda a ke kira Primates, mai iri wajen 500. Wannan rukuni ya kasu gida biyu. Akwai masu busasshen hanci, su ne birai da mu ka sani, kamar jan biri da gwaggon biri. Akwai kuma masu danshin hanci kamar na kare, waɗanda su ka fi dogara ga sansana, kuma da yawansu 'yan dare ne. A nan angwantibo ya ke, cikin dangin da a ke kira Lorisidae, tare da poto na kurmin Afirka da loris na ƙasashen Asiya. Saboda haka in mun kira shi birin dare, sauƙaƙawa ce kawai, ɗan'uwan biri ne na nesa. Mutanen arewa suna da wani makusancinsa a dazuzzukansu, watau galago, ɗan dabban nan mai manyan idanu da manyan kunnuwa da doguwar wutsiya, mai tsalle daga itace zuwa itace da dare. Shi danginsa dabam, amma rukuninsu ɗaya da angwantibo, kuma dukansu masu danshin hanci ne.

MALIMBEN IBADAN, TSUNTSU MAI SAƘA

Yanzu sai mu juya ga tsuntsun. Sunansa na ilmi Malimbus ibadanensis, watau malimbe na Ibadan. Wanda ya bayyana shi ga masana shi ne John Elgood, malamin ilmin dabbobi a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, a 1958, kusan shekara ɗari ke nan bayan an rubuta angwantibo. Abin lura a nan shi ne, wannan tsuntsu yana zaune ne a gefen ɗaya daga cikin manyan biranen Afirka, amma sai a tsakiyar ƙarni na ashirin aka gane cewa iri ne mai zaman kansa, saboda ya yi kama da waɗansu 'yan'uwansa.

Tsawonsa wajen santimita 20 ne. Namijin baƙi ne wuluk, sai dai saman kansa da ƙeyarsa da ƙirjinsa ja ne wur, fuskarsa da maƙogwaronsa kuwa baƙaƙe. Macen ma baƙa ce mai jan kai, amma jan ƙirjinta siriri ne. Ya kan yi kiwo bibbiyu ko cikin ɗan ƙaramin garke, sau da yawa tare da waɗansu irin tsuntsaye, yana neman ƙwari a cikin ganyaye, yana kuma taɓa 'ya'yan kwakwar manja. Kamar sauran zuriyarsa, saƙa sheƙarsa ya ke yi, ya rataye ta a reshe, ƙofarta tana kallon ƙasa.

A wajen rarrabawa, yana cikin ajin tsuntsaye, a rukunin da a ke kira Passeriformes, watau tsuntsaye masu sauka a reshe, waɗanda yatsunsu uku su ke kallon gaba, ɗaya yana kallon baya. Wannan rukuni shi kaɗai ya ƙunshi fiye da rabin irin tsuntsayen duniya, waɗanda jimillarsu ta kai wajen 11,000. A cikin rukunin akwai babban kashi da a ke kira tsuntsaye mawaƙa. Kada sunan ya ruɗe ku. Masana ba daɗin murya su ke dubawa ba, ƙirar maƙogwaro su ke dubawa. A ƙarshen bututun numfashin tsuntsu, daidai inda ya rabu biyu zuwa huhu, akwai wata 'yar gaɓa mai fitar da sauti, kuma a jikin mawaƙa tana da tsokoki masu yawa da ke sarrafa ta. Bisa wannan ma'auni, kanari da mu ke sa wa a keji mawaƙi ne, hankaka ma mawaƙi ne, ko da ya ke ba wanda zai saye shi don muryarsa.

Dangin malimben Ibadan su ne tsuntsaye masaƙa, Ploceidae a bakin masana, masu iri fiye da 100. Kowane manomi ya san waɗansu daga cikinsu. Tsuntsayen nan masu ruwan ɗorawa da ke cika bishiya guda da sheƙuna a bakin gari suna hayaniya, danginsa ne. Haka kuma jan baki, wanda ya kan sauka a gonakin shinkafa da gero da dawa a jihohin Kebbi da Jigawa da Yobe da Borno ya yi ɓarna. An ƙiyasta yawan jan baki a Afirka ya kai wajen miliyan 1,500, har a kan ce babu tsuntsun daji da ya kai shi yawa a duniya. Nan gaba kaɗan za ku ji yawan ɗan'uwansa na Ibadan.

INDA SU KA HAƊU DA INDA SU KA RABU

Idan mu ka jera su a kan matakan nan bakwai, za mu ga cewa a matakai biyu na farko tafiyarsu ɗaya. Dukansu suna cikin daular dabbobi, dukansu suna cikin reshen da masu ƙashin baya su ke. Daga mataki na uku hanya ta rabu. Angwantibo mai gashi ne, mai haƙora, yana haihuwa yana shayarwa. Malimbe mai fuka-fukai ne, mai baki marar haƙori, ƙwai ya ke sakawa ya ƙyanƙyashe. Ɗaya na dare, ɗaya na rana. Ɗaya shiru ya ke bin reshe shi kaɗai yana dogara ga hanci, ɗaya yana tashi cikin 'yan'uwa yana dogara ga ido da murya. Zuriyar angwantibo iri biyu ce kacal a duniya, shi da wani ɗan'uwansa da ke kudancin kogin Sanaga. Zuriyar malimbe kuwa wajen iri goma ce, dukansu a Afirka.

Amma akwai inda su ka sake haɗuwa, kuma wannan ne ya fi damunmu. Dukansu masu cin ƙwari ne, dukansu ba su da wurin zama sai inda itatuwa su ke.

Wani zai ce, ina amfanin wannan rarrabawa ga wanda ba malami ba? Amfaninta shi ne, abin da ba shi da suna ba ya shiga lissafi, ba ya kuma shiga doka. Kafin 1958 babu wanda zai iya cewa malimben Ibadan yana raguwa, domin ba a san da shi ba balle a ƙidaya shi. Haka nan a da masana sun ɗauki angwantibon Kalaba da ɗan'uwansa na kudancin Sanaga iri ɗaya ne. Da aka tabbatar cewa iri biyu ne, sai ya bayyana cewa ƙasar da na Kalaba ya ke da ita ba ta kai faɗin da a ke tsammani ba. Ashe rashin sani ya fi dare duhu.

MA'AUNIN HAƊARI

Akwai wata ƙungiya ta duniya mai kula da kiyaye halittu, wadda a ke taƙaita sunanta IUCN. An kafa ta a 1948, hedkwatarta tana ƙasar Suwizalan. Tun daga 1964 ta ke tattara wani kundi da a ke kira Jan Kundi, inda a ke auna kowane iri a sa shi a matsayin da ya dace da shi. Matsayin guda tara ne:

1. Wanda ya ƙare ƙaf, babu saura a duniya.
2. Wanda ya ƙare a daji, sai a gidan ajiye namun daji ko makamancinsa.
3. Wanda ya ke bakin halaka.
4. Wanda ya ke cikin haɗari.
5. Wanda ya raunana.
6. Wanda ya kusa shiga haɗari.
7. Wanda babu fargaba a kansa.
8. Wanda bayani bai isa a yanke hukunci a kansa ba.
9. Wanda ba a auna shi ba tukuna.

Ba da ka a ke sa iri a ɗaya daga cikin waɗannan ba. A kan duba yawan manyan da su ka isa haihuwa, da faɗin ƙasar da su ke zaune, da saurin raguwarsu cikin shekara goma ko cikin tsatso uku. Alal misali, ɗaya daga cikin ƙa'idojin ta ce, irin da manyansa ba su kai 10,000 ba kuma suna ci gaba da raguwa, ana iya sa shi cikin raunana. In ba su kai 2,500 ba, yana cikin haɗari. In ba su kai 250 ba, yana bakin halaka.

Kada kuma a ɗauka matsayi na farko tatsuniya ce. A ƙasar Amurka an yi wata irin kurciya da ta kan tashi miliyoyi a garke ɗaya, amma harbi da sare daji su ka cinye ta, ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na birnin Sinsinati a 1914. Kusa da mu, baƙar karkanda ta yammacin Afirka, wadda ragowarta ta ƙarshe ta ke arewacin Kamaru, an bayyana ƙarewarta a 2011.

HALIN DA KOWANNENSU YA KE CIKI

Malimben Ibadan yana matsayi na huɗu, watau yana cikin haɗari. Ba a samunsa a ko'ina a duniya sai a wani ɗan yanki na kudu maso yammacin Nijeriya, wajejen Ibadan da Ife da Iperu da Ilaro, da kuma gandun dajin Ifon a Jihar Ondo. Tsakanin 1999 da 2002 wani masanin tsuntsaye ɗan Nijeriya, Shiiwua Manu, tare da abokan aikinsa, sun bincika guntayen kurmi 52 a wannan yanki, su ka same shi a cikin 19 kaɗai. Sakamakon da su ka buga a 2005 ya ƙiyasta yawansa wajen 2,500, a cikin ragowar kurmin da bai wuce murabba'in kilomita 112 ba. Ku kwatanta wannan da miliyan 1,500 na jan baki, alhali danginsu ɗaya.

Dalilin raguwarsa shi ne sare kurmi. Tun zamanin da noman koko ya bunƙasa a ƙasar Yarabawa a ke share daji, ga masu yankan katako, ga masu itacen wuta da gawayi, ga kuma birane suna ta faɗaɗa. Abin da ya rage guntaye ne a warwatse, kamar tsibirai a tsakiyar gonaki. Binciken nan ya nuna cewa tsuntsun yana iya zama ko a ƙaramin guntun kurmi, amma gwargwadon nisan guntun daga sauran, gwargwadon ƙarancinsa a ciki. Ma'anar wannan ita ce, kowane ɗan kurmi da aka bari a tsakani, kome ƙanƙantarsa, zango ne da ke haɗa sauran. Ɗaya daga cikin wuraren da aka san shi da zama shi ne kurmin da ke cikin harabar cibiyar binciken aikin gona ta IITA a Ibadan, wadda aka kafa a 1967, inda aka killace fiye da hekta 300 aka bar itatuwa su ka girma.

Angwantibo kuwa yana matsayi na shida, watau ya kusa shiga haɗari. A awon 2008 yana cikin waɗanda babu fargaba a kansu, amma a awon 2019 aka matsar da shi gaba da mataki ɗaya. Abin da ya sa halinsa ya fi na malimbe dama-dama abu uku ne. Ƙasarsa ta fi faɗi nesa, ta kuma ratsa ƙasashe biyu. Yana iya zama a sabon kurmi da ya sake tohowa bayan an sare, domin yana son sarƙaƙiya. Kana akwai manyan gandaye a cikin yankinsa, kamar Gandun Dajin Ƙasa na Kuros Riba, wanda aka kafa a 1991, mai faɗin wajen murabba'in kilomita 4,000 a sassa biyu, Oban da Okwangwo, da kuma gandun Korup na Kamaru da ke maƙwabtaka da shi.

Duk da haka bai kamata mu saki jiki ba. Inda aka share kurmi gaba ɗaya aka mai da shi gona, angwantibo ba shi da mafaka, kuma ba ya iya gudu ya tsere wa masu sara ko wuta. Da dare idanunsa su kan ƙyalla a hasken fitilar maharbi, shi kuwa dabararsa in ya ji tsoro ita ce ya daskare a reshe ko ya dunƙule, saboda haka kama shi ba wuya. Ga shi kuma ɗa guda a kan haifa, watau abin da aka ɗebe ba ya komowa da sauri. Ban da wannan, ƙidayarsa ta fi ta tsuntsu wuya ƙwarai. Mai ƙidayar tsuntsu ya kan tsaya da safe ya gani da ido, ya ji da kunne. Mai neman angwantibo sai ya bi kurmi da tocila cikin dare, yana neman ɗan dabban da ba ya motsi sosai, ba ya kuma yawan kuka. Dabba irin wannan tana iya raguwa shekara da shekaru ba a farga ba.

To, in an tambaye mu wanne ya fi bukatar gaggawa, amsa ita ce malimbe. Idan angwantibo ya ƙare a Nijeriya, hasara ce babba, amma akwai saura a Kamaru. Idan malimben Ibadan ya ƙare a Nijeriya, ya ƙare a duniya ke nan, kuma babu wata ƙasa da za mu ɗora wa laifi.

ABIN DA DOKA TA TANADA

A 1973 ƙasashen duniya su ka ƙulla wata yarjejeniya a birnin Washinton don kayyade cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasa da ƙasa, wadda a ke kira CITES. Ta fara aiki a 1975, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen farko da su ka shiga. A ƙarƙashinta duk dabbobin rukunin birai, har da angwantibo, ba a fitar da su daga ƙasa sai da takardar izini, waɗansu ma an hana cinikinsu sam. A cikin gida, Gwamnatin Tarayya ta kafa Doka ta 11 ta 1985 a kan halittun da ke cikin haɗari, wadda ta sa angwantibo a jeri na farko, na dabbobin da aka haramta farautarsu da cinikinsu. An yi wa dokar gyara a 2016 aka ƙara tsananta tara.

Sai dai ku lura, waɗannan dokoki sun fi ƙarfi a kan mai kamawa da mai sayarwa. Malimben Ibadan kuwa gatari ne babban abokin gabansa. Dokar ciniki ba ta isa ta tsare shi ba, sai an tsare itatuwan da ya ke kwana a kai. Wannan aiki ne na hukumomin gandun daji na jihohi, da sarakuna, da masu gonaki, da ƙungiyoyi irin su Gidauniyar Kiyaye Halittu ta Nijeriya, NCF, da cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos, inda a ke horar da matasanmu wannan ilmi.

ABIN DA A KE BUKATA DAGA JAMA'A

Mai yiwuwa wani a cikinku ya ce wannan magana ta mutanen kurmi ce, shi ba ruwansa. Amma masu jin Hausa suna ko'ina a ƙasar nan. Suna Sabo a Ibadan, suna Bogobiri a Kalaba, suna aiki a gonakin koko da na goro, suna cikin cinikin katako da gawayi, akwai maharba, akwai masu sayar da magungunan gargajiya, akwai direbobin da ke ɗauko kaya daga kudu zuwa arewa. Saboda haka ga abin da a ke roƙon kowa:

Na ɗaya, kada ka sayi ɗan dabban daji mai rai don ajiyewa a gida ko don wasan yara, kada kuma ka sayi gaɓoɓinsa. Duk wanda ya saya, ya aiki maharbi ya koma daji ne.

Na biyu, mai share gona a ƙasar kurmi ya bar manyan itatuwa da kwakwar manja a tsaye gwargwadon iko, ya kuma bar sarƙaƙiyar bakin rafi. Inuwar za ta amfani kokonsa, tsuntsayen kuma za su rage masa ƙwari.

Na uku, kada a shiga gandun gwamnati a yi sara, ko farauta, ko ƙona gawayi. Mai cinikin katako ya tabbatar kayan da ya ke saye suna da takardar izini daga ma'aikatan gandun daji.

Na huɗu, a guji cinna wa daji wuta don farautar gafiya ko don share saura. Dabba mai gudu ta kan tsira, marar gudu da ƙwan da ke cikin sheƙa su ke halaka.

Na biyar, malaman makaranta su koya wa yara sunayen dabbobi da tsuntsayen yankinsu, da harshensu na gida da kuma na ilmi. Masanin da ya ƙidaya malimben Ibadan ɗan ƙasar nan ne, kuma muna bukatar irinsa da yawa, a kudu da arewa.

Wannan darasi bai tsaya ga kurmi kaɗai ba. Galago da ke dazuzzukan arewa yana cikin waɗanda babu fargaba a kansu a yau, amma shi ma a kogon itace da rassan ƙaya ya ke kwana, kuma kowa ya ga yadda a ke sare itatuwan nan don wuta da gawayi. Angwantibo ma a wannan matsayi ya ke a 2008. Rigakafi dai ya fi magani, kuma ya fi shi araha.

Shugaban taro, manyan baƙi, jama'a, iyakar abin da na tanadar muku ke nan. Ina roƙon duk wanda ya ji wannan bayani, ko ya karanta shi, ya isar da shi ga wanda bai samu ji ba, musamman manoma da maharba da masu sana'ar itace.